Paraku Da Jugu: Abinci Na Wucewa A Tirela, Yaran Zango Na Wuni Da Dala Goma

Daga wakilinmu a Paraku

Duk ɗan kasuwar da ya saba bin hanyar Kwatano zuwa Malanbil, ko wanda ke shigowa daga Najeriya ta Cikanda da Nikki ya ratsa Paraku ya nufi Jugu da Togo, ya san cewa wannan yanki na arewacin Jamhuriyar Benin ba ƙasar yunwa ba ce. Doya jibge take a bakin titi tun daga Cawuru, masara da dawa da waken soya suna cika rumbuna, ga shanun Fulani da wagashinsu, ga kaɗanya da kashu. Babbar kasuwar Paraku ma sunanta Arzeke, sunan da duk Bahaushen da ya ji shi zai ji arziki a ciki.

To amma idan mai karatu ya tsaya a ƙofar wata makarantar firamare a cikin gari da hantsi, lokacin da ake sakin yara su sha iska, zai ga wani abu dabam. Wani yaro zai fito da dala ashirin ya sayi wake da shinkafa har da ɗan gutsuren kifi, wani da dala biyar sai alewa da ruwan leda, wani kuwa yana tsaye a gefe yana kallon bakin 'yan uwansa. Yaran nan unguwarsu ɗaya, wataƙila ma a masallaci ɗaya iyayensu ke sallah. Ga waɗanda suka fi sabawa da lissafin naira, dala ɗaya ita ce sefa 5, jaka ɗaya kuma sefa 1,000.

Alƙaluman hukuma sun tabbatar da abin da ido ke gani. Babban binciken lafiyar jama'a da aka gudanar a Benin tsakanin 2017 da 2018 ya nuna cewa kashi 32 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, sannan kimanin kashi 72 cikin ɗari na yaran da ke tsakanin wata shida da shekara biyar suna fama da ƙarancin jini. Wani binciken da aka sake yi da taimakon UNICEF tsakanin 2021 da 2022 ya nuna masu tsumburewar sun haura kashi 36. Ma'aikatan lafiya sun sha bayyana cewa yaro yana iya ƙoshi kullum amma ya tsumbure, muddin abin da ke shiga cikinsa tuwo ne da koko da garin rogo kawai, babu wake, babu ƙwai, babu ganye, babu nama ko kifi ko nono. Cikin ya cika, jikin bai samu abin ginuwa ba.

Tukunyar makaranta

A shekarar 2006 gwamnatin Boni Yayi ta soke kuɗin makarantar firamare, yara suka cika azuzuwa. Sai dai a nan ƙasar karatu kashi biyu ne, na safe da na yamma, kuma malamai a ƙauyuka sun daɗe suna kukan cewa yaron da ya tafi gida cin abinci da tsakar rana sau da yawa ba ya dawowa, musamman idan gidan na da nisa, ko kuma ya je ya tarar uwarsa na gona ba a ɗora komai ba. Akwai shirin ciyar da ɗalibai tun a wancan lokaci, amma kuɗin da ake ware masa kaɗan ne, kuma kayan abincin kan ƙare tun shekarar karatu ba ta yi nisa ba.

A 2017 gwamnatin Patrice Talon ta sake ɗaura wa shirin ɗamara da sunan PNASI, ta ware masa kimanin sefa biliyan 27 a zagayen farko, ta kuma ɗanka aikin saye da rabon kayan a hannun Hukumar Abinci ta Duniya, wadda masu faransanci ke kira PAM. An fara da makarantu sama da 1,500. Kafin shirin, makarantun gwamnati kimanin kashi 31 cikin ɗari ne ke da tukunya. Zuwa 2022 adadin ya kai kashi 75, wato makarantu fiye da 5,000 da yara fiye da miliyan ɗaya. A 2024 PAM ta miƙa ragamar shirin ga wata hukuma ta gwamnati mai suna ANAN, wadda aka kafa domin kula da sha'anin abinci da gina jiki. A wasu sassan jihohin Alibori da Bargu kuma ƙungiyar CRS ta gudanar da nata shirin mai suna Keun Faaba da kuɗin Amurka. A faransance ana ce wa wurin “kantin”, amma kada mai karatu ya ɗauka kantin sayar da kaya ne, madafa ce da rumfar cin abinci a harabar makaranta.

Abin da aka tsara wa kowane yaro a rana shi ne giram 150 na hatsi, masara ko shinkafa, da giram 30 na wake, da giram 10 na man girki, da giram 3 na gishiri mai sinadarin aidin. Wannan lissafi ne da ɗan kasuwa zai fi kowa ganewa. Makaranta mai yara 300 tana cinye kilo 45 na hatsi a rana, kusan buhu guda mai kilo 50 ke nan, da kilo 9 na wake. Idan aka ce yara miliyan ɗaya, tan 150 na hatsi ke shiga tukunya kowace rana ta karatu, lodin tirela biyar masu ɗaukar tan 30. Babu wani attajiri a Arzeke ko a kasuwar Jugu da ke da mai saye irin wannan.

Gwamnati ke kawo buhuna, amma sauran aikin na iyaye ne. Su ne ke gina madafa, su kawo itace da ruwa, su zaɓi matan da za su yi girki, su kafa kwamitin da zai riƙe makullin ɗakin ajiya tare da shugaban makaranta. Sannan kowane yaro ana so ya zo da dala biyar a rana domin kayan miya: tumatir, albasa, barkono, daddawa, ɗan busasshen kifi. Dala biyar ba ta da yawa a baki, amma a wata dala ɗari ce ga yaro ɗaya, kuma magidanci mai yara biyar a makaranta zai fitar da jaka biyu da rabi. Ga manomin da kuɗinsa ke shigowa sau ɗaya ko biyu a shekara, lokacin auduga ko lokacin kashu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A nan ne bambanci ke fara fitowa ko a tsakanin makarantun da ke cikin shirin. Inda iyaye ke biya, kuma makarantar na da famfo ko rijiya, sai ka tarar an yi lambu a bayan aji, an shuka alayyafo da kuɓewa da zogale, wasu ma har da kaji, miya ta yi kauri. Inda babu ruwa kuma kuɗin ba sa taruwa, abin da yara za su samu shi ne shinkafa da mai da gishiri, ko tuwo da miyar da za ka iya hango gindin kwano ta cikinta. Buhun iri ɗaya ne aka sauke wa makarantun biyu. Cikin abin da gwamnati ke kawowa babu nama, babu ƙwai, babu madara, saboda haka duk abin da zai gyara jinin yaro daga aljihun unguwa ko ƙauyen yake fitowa.

Akwai kuma wani gibin da ba a cika magana a kansa ba. Ana rufe makarantu a cikin damina, ba a komawa sai watan Satumba. To wannan shi ne daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tsohon hatsi ya yi tsada, sabuwar doya da ɗanyar masara ba su wadata ba tukuna, ga zazzaɓin cizon sauro na kwantar da yara. Tukunyar makaranta tana hutawa a watannin da aka fi bukatarta.

Duk da haka, a ganina duk mai adalci zai yarda cewa shirin ya yi aiki. 'Yan uwanmu da ke zuwa daga Najeriya sun ga yadda nasu shirin, wanda aka fara a 2016 da naira 70 kan kowane yaro, ya riƙa tafiya yana tsayawa har aka dakatar da shi a farkon 2024. A can kuɗi ake turawa masu girki, kuma tsadar kaya ta cinye naira saba'in ɗin tun da daɗewa. A Benin buhu ake saukewa, kuma buhun masara buhun masara ne ko farashi ya hau ko ya sauka. Ba banza ba ƙasashen Afirka da dama suka riƙa turo wakilai su ga yadda ake yi. Ita kanta ranar ciyar da ɗalibai ta Afirka, 1 ga Maris, a Yamai aka fara bikinta a 2016.

Waɗanda tukunyar ba ta kai gare su ba

Shirin ya fara ne daga karkara, inda aka fi samun yara na barin makaranta, kuma makarantun firamare na gwamnati kawai ya shafa. Gwamnati ta bayyana burinta na kai shi ga dukkan makarantunta. Amma ko an cim ma wannan buri, sai mu tambayi kanmu, ina yaranmu suke da tsakar rana?

Paraku gari ne da ƙidayar 2013 ta ba shi mutum 255,000 da 'yan kai, ƙaramar hukumar Jugu kuwa kimanin 268,000, kuma garuruwan biyu sun ƙara girma ƙwarai tun daga lokacin. A unguwannin Zango na garuruwan, da sauran unguwannin da Hausawa da Dandawa da Zabarmawa suka fi yawa, yara sun kasu gida-gida. Akwai masu zuwa makarantar gwamnati ta cikin gari. Akwai waɗanda iyayensu suka kai su makarantun kuɗi, musamman masu haɗa faransanci da larabci, waɗanda suka yawaita a Jugu da Paraku saboda iyaye na son yaro ya samu boko bai rasa addini ba. Akwai almajiran makarantun allo, wasunsu 'yan gari, wasu an kawo su daga ƙauyuka ko daga Nijar da Najeriya. Sai kuma 'yan matan da ba sa zuwa ko'ina sai talla. In ban da kashin farko, babu wanda sunansa ke cikin littafin da ake lissafin buhuna da shi. Sakamakon haka shi ne, ɗan manomi a wani ƙauyen Kolokonde ko Partago yana iya samun abinci mai zafi da wake a ciki sau biyar a mako, alhali ɗan mai tura baro a kasuwar Jugu, wanda ke kwana yana jin ƙamshin tsire, ya wuni a kan gari da sukari.

Wannan ba ƙorafi ba ne a kan ɗan ƙauye, haƙƙinsa ne ya samu. Abin lura shi ne an saba ɗauka cewa ɗan birni ba ya yunwa tunda ga kasuwa a ƙofar gidansu. Kasuwa kuwa ba ta ciyar da kowa sai mai kuɗi a hannu.

Mu ɗauki yadda cefane yake a gidaje biyu. Alhajin da ke da rumfa a Arzeke yana sayen masara da buhu a lokacin kaka, ya ajiye, mai da jarka, shinkafa da buhu. Matar ɗan dako da ke zaune a can gefen gari, bayan Banikanni ko Titiru ko hanyar Turu, ba ta da kuɗin buhu, kuma idan za ta zo babbar kasuwa sai ta biya ɗan acaba zuwa da dawowa, kuɗin da ya kai rabin cefanen. Saboda haka sai ta saya a teburin ƙofar gida: mai na dala biyar a leda, tumatirin gwangwani da cokali, gari da ƙaramin kwano, dunƙulen Maggi ɗaya. Idan aka tara abin da ta kashe a wata aka auna da abin da ta samu, za a ga ta fi Alhaji sayen abinci da tsada. Kowane ɗan kasuwa ya san haka, domin ribar ƙulli ta fi ribar buhu. Kuma teburin ƙofar gida ba ya ajiye abin da ke lalacewa. Biskit da alewa da taliyar leda da lemon gari su ne ke jure zafi, ganye da kifi da nono sai an je kasuwa.

Haka nan abin da ake sayarwa a ƙofar makaranta. Matan da ke kawo wake da shinkafa, da wasa-wasa, da ƙosai da koko, da awara, suna yi wa unguwa babban aiki, kuma abincinsu ya fi na leda amfani nesa ba kusa ba. Awara ta dala biyar ta fi biskit na dala goma gina jiki. Amma yaro yaro ne, in ka ba shi kuɗi a hannu, launin leda da zaƙi ne za su ja shi. Uwa na ganin ta ba shi kuɗin abinci, shi kuwa sukari ya sha.

Batun almajirai ya fi kowanne nauyi. Dokar kare yara ta Benin ta 2015 ta hana sa yaro bara, amma doka ba ta cika kwano. Almajiri yana cin abin da ya ragu ne, kuma abin da ke raguwa a gida tuwo ne da ƙanzo, nama da kifi ba sa raguwa. A shekarun da hatsi ya yi tsada ma ragowar ba ta samuwa, domin uwargida auna wa take daidai bakunan gidanta.

Ba haka zango yake ba a da. Jugu, wadda fatake ke kira Zugu, da Paraku da Nikki, duk zangon ayarin goro ne a kan hanyar da ta taso daga Kano da Sakkwato ta ƙetare Kwara ta nufi Salaga a ƙasar Gwanja. Fatake na kawo kanwa da tufafi da fatu, su koma da goro. Unguwar Wangara ta Jugu, inda baƙi Musulmi suka zauna a gefen fadar sarki ta Kilir, da wannan ciniki ta ginu. Tsarin zango kuwa a kan ciyarwa ya tsaya: maigida ne ke saukar da baƙo, ya ba shi ɗaki, matansa su dafa masa, ya nemo masa mai saye, ya karɓi la'adarsa. Malamin da ya biyo ayari da almajiransa, unguwa ce ke ɗaukar nauyinsu, kowane yaro da gidan da ya san kwanonsa. Har yanzu akwai gidajen da ke riƙe da wannan al'ada, Allah ya saka masu, amma gari ya faɗaɗa, gidan haya ya maye gurbin babban gida, mutane na zaune ɗaki-ɗaki kowa da murhunsa, almajirai kuma sun ninka.

Iyaka da farashin kwano

Masu karatun wannan shafi sun fi kowa sanin abin da ya faru a kan iyakoki a 'yan shekarun nan, amma ba kullum muke haɗa shi da kwanon yara ba. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin mai a can, fetur ɗin gefen titi da ake kira kpayo ya yi tashin gwauron zabi, kuɗin mota da na acaba suka bi shi, kowane kwandon tumatir da ke shigowa gari ya ƙara kuɗi. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar Malanbil da Gaya, kuma ko da Benin ta buɗe nata ɓangaren a farkon 2024, Nijar ta bar nata a rufe, kaya suka koma ƙetarawa a kwale-kwale. Paraku gari ne da ya rayu da jigilar kayan Nijar tun lokacin da layin dogo daga Kwatano ya tsaya a nan, ake sauke kaya daga jirgi a loda a mota. Da manyan motoci suka daina wucewa, direba da yaron mota da ɗan dako da bakanike da mai sayar da abinci a tasha duk suka ji a jikinsu, kuma da yawansu mutanen Zango ne. A watan Mayun 2024 masara ta yi tsadar da ta sa gwamnati ta hana fitar da hatsi da rogo da garinsu zuwa waje na wani lokaci.

Idan irin wannan ta faru, ba tuwo ake fara ragewa a gida ba. Kifin miya ne ke fara tafiya, sai ƙwai, sai waken da ake haɗawa da shinkafa, sai kuɗin makarantar yaro ya sauko daga dala ashirin zuwa goma. Yaron da ke makaranta mai tukunya bai ji wannan girgiza sosai ba, tunda giram 150 ɗinsa na nan. Wanda ke wajen shirin shi ne ya ɗauki nauyin rikicin da shugabanni suka yi a Yamai da Kwatano da Abuja.

Sai dai kada a ɗora wa makaranta abin da ba za ta iya ba. Masana sun nuna cewa tsumburewa tana kama yaro ne a kwanaki dubu na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikarsa shekara biyu, kuma abin da aka rasa a lokacin da wuya a maido shi. Kafin yaro ya kai shekarun shiga aji ɗaya, an riga an yi ginin ko an ɓata shi. Shawarar asibiti a nan a bayyane take: nonon uwa zalla har wata shida, daga nan a ci gaba da shayarwa ana haɗawa da abinci iri-iri. Mu kuwa abin da muka saba shi ne koko tsararo, a tace shi a zubar da dusar, a zuba sukari. Ga waken soya a yankin nan har ana neman inda za a kai shi, ga gyaɗa, ga ƙananan busassun kifi, ga zogale a bayan kusan kowane gida. Garin soya da gyaɗa da aka soya aka niƙa tare da hatsi yana mayar da kokon nan abincin kirki, kuma bai fi ƙarfin talaka ba. Yawancin matan da ke zuwa awo sun ji wannan bayani. Matsalar ita ce mai riƙe da kuɗin cefane ba ya zuwa awo, kuma a yawancin gidajenmu idan an sa nama a miya, kwanon maigida ake fara cikawa, na yara ya zo a ƙarshe.

Abin da ke hannun 'yan kasuwa

Ta fuska biyu wannan magana ta shafi aljihun mai karatu. Ta farko ciniki ce. Tun kafin PAM ta miƙa shirin aka riƙa ƙara sayen masara da shinkafa da wake a cikin ƙasa, musamman daga ƙungiyoyin ƙananan manoma, maimakon a shigo da su ta tashar jiragen ruwa. Jihohin Bargu da Donga na cikin masu noman waɗannan kaya. Amma mai saye irin wannan ba a yi masa cinikin “kawo mu gani”. Yana son hatsi busasshe sosai, marar tsakuwa da ƙwari, marar fumfuna, domin masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da wata guba da ke lalata hanta kuma tana ƙara tsumburar da yara. Yana son awo da sikeli, da takardun rajista, da asusun banki, kuma kuɗi ba a ranar ake biya ba. Dillalin da ya saba da mudu da alƙawarin baki, in bai shiga ƙungiya ya gyara ɗakin ajiyarsa ba, yana zaune zai ga wasu na lodi.

Ta biyu kuwa ita ce ta makarantun da ke wajen shirin, waɗanda galibi namu ne. Tsarin da gwamnati ta bi ba wani sirri ba ne: buhu, madafa, mata masu girki, kwamiti mai makulli biyu, da littafin da ake rubuta abin da ya fita kullum. Makarantar allo mai almajirai 60, a kan awon nan na gwamnati, kilo 9 na hatsi take bukata a rana da wake ƙasa da kilo 2. Buhu ɗaya mai kilo 100 zai kai ta kwana goma sha ɗaya. A wata buhu uku ke nan, abin da layi ɗaya na masu hatsi a Arzeke ko Gema ko kasuwar Jugu zai iya haɗawa ba tare da kowa ya ji a jikinsa ba. A watan azumi muna ganin yadda ake dafa kunu da shinkafa a ƙofar masallatai har a rasa mai ci, sannan bayan sallah a kife tukwanen sai baɗi. Zakkar hatsi da ta dukiyar ciniki kuwa, da yawa ana raba ta ne hannu-hannu, jaka ɗaya nan jaka biyu can, ta narke a rana ɗaya. Yadda za a tara ta a ciyar da mabukata da ita bisa ƙa'ida, wannan fagen malamai ne, kuma Jugu da Paraku ba su rasa malamai ba.

Su ma masu makarantun faransanci da larabci da ke karɓar kuɗin wata daga iyaye, babu abin da ya hana su ƙara dala biyar ko goma a rana su ɗora tukunya, ko aƙalla su tsara da matan da ke sayar da abinci a ƙofa cewa wake da awara da ƙosai ne za a kawo, a rage kayan leda. Wanda kuma ɗansa ke makarantar gwamnati mai tukunya, yana da damar ya shiga ƙungiyar iyayen yara, ya nemi a nuna masa littafin ɗakin ajiya, ya ga buhu nawa aka sauke, nawa suka rage, da inda dala biyar-biyar ɗin ke tafiya. Taron ƙungiyar yakan kasance ne a farkon shekarar karatu, bayan komawa a watan Satumba, kuma malamai sun sha kukan cewa iyaye 'yan kasuwa su ne ba sa halarta, wai ranar ta faɗo ranar kasuwa.